Shekara 6,000 Ko Biliyan 13.8? Mu Tambayi Hasken Taurari



Akwai wasu bidiyoyi da rubuce-rubuce da ke yawo a wayoyinmu, mafi yawansu daga Amurka suka taso, masu cewa duniya da rana da wata da dukkan taurari ba su wuce shekara 6,000 da halitta ba, kuma wai masana kimiyya sun san haka amma suna ɓoyewa. Wasu daga cikinmu suna tura su gaba da kyakkyawar niyya, domin a ganinsu duk wanda ya fito yana kare cewa akwai Mahalicci ai abin a mara masa baya ne. Ra'ayinmu shi ne a dakata da turawa. Wannan adadi na 6,000 lissafin ɗan Adam ne, kuma hasken taurarin da ke kanmu kowane dare yana ƙaryata shi. Wanda ya ɗaure imaninsa a jikin wannan lissafi ya ɗaure doki a jikin karan dawa, kuma 'ya'yanmu da ke makaranta su ne za su fara jin jiki idan karan ya karye.

Mu fara da asalin adadin. A shekarar 1650, wani babban limamin coci a ƙasar Ailan mai suna James Ussher ya bi jerin zuriyoyi da shekarun sarakunan da ke cikin Tsohon Alkawari, ya haɗa da tarihin Babila da Farisa da Rum, ya fitar da cewa an fara halitta a watan Oktoba na shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mutum ne mai ilimi a zamaninsa, kuma ya yi iyakar ƙoƙarinsa da abin da ke hannunsa. Daga shekarar 1701 aka riƙa buga lissafin nasa a gefen shafukan Baibul na Turanci, har mutane da yawa suka ɗauka cikin nassin yake. Da ilimin duwatsu da na taurari ya bunƙasa, yawancin malaman coci sun bar wannan lissafi. Ko William Jennings Bryan, wanda ya tsaya a shahararriyar shari'ar nan ta jihar Tenesi a 1925 yana adawa da koyar da ra'ayin Darwin a makarantu, ya yarda a gaban kotu cewa kwanakin halitta za su iya zama zamunna masu tsawo.

An sake farfaɗo da maganar ne a 1961, lokacin da John Whitcomb da Henry Morris suka fitar da littafinsu kan ruwan ɗufana. Daga nan ƙungiyoyi suka kafu a kanta. Wadda ta fi suna yau ita ce Answers in Genesis ta Ken Ham, wadda ta buɗe gidan tarihi a jihar Kentaki a 2007. Rigima ce ta cikin gidan Amurka, da siyasarta da kotunanta da makarantunta. A 1987 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke wata dokar jihar Luwiziyana da ta ce duk makarantar gwamnatin da ta koyar da ra'ayin Darwin dole ta koyar da nasu a gefensa.

To ina hasken taurari ya shigo? Haske tafiya yake yi, kuma tafiyar tana cin lokaci. Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya riga ya faɗi haka a littafinsa kan gani da haske, duk da cewa ba shi da abin aunawa. A 1676 wani ɗan ƙasar Denmak mai suna Ole Rømer, yana aiki a Faris, ya lura cewa wani wata da ke zagaya Mushtari yana makara wajen bayyana idan duniyarmu ta yi nisa da Mushtari, yana kuma yin sammako idan ta matso. Ya gane cewa hasken ne ke ɗaukar ƙarin lokaci idan hanya ta ƙara tsawo. Yau an san gudun haske sarai: kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Da wannan gudu taswirar wayarka ke lissafin inda kake tsaye, da shi kuma ake lissafin saƙon da ake aika wa kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977, wanda yanzu saƙo ke yin kusan kwana guda kafin ya isa gare shi.

Hasken rana yana yin minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso mu. Tazarar da haske ke ci a shekara guda, kusan kilomita tiriliyan 9.5, ita ake kira shekarar haske. Tauraro mafi kusa da mu bayan rana yana da nisan shekarar haske 4 da ɗoriya. Kaza da 'ya'yanta, waɗanda manoma suka daɗe suna duba su don sanin lokaci, suna da nisan kusan shekarar haske 440. Wato hasken da muke gani a daren yau ya baro su tun zamanin da Mai Idris Alauma ke sarautar Borno. Duk wanda ya ɗaga kai sama, labarin da ya riga ya wuce yake kallo.

A nan matsalar take. Tsakiyar babban garken taurarin da ranarmu ke ciki tana da nisan kusan shekarar haske 26,000, faɗin garken kuwa ya kai 100,000. Garken da ke maƙwabtaka da namu, wanda ake kira Andiromeda, yana da nisan shekarar haske miliyan 2.5, kuma mai kaifin ido zai iya ganinsa kamar ɗan hayaƙi a daren da babu wata babu hazo, wajen Oktoba da Nuwamba, idan ya yi nesa da fitilun gari. Madubin hangen nesa na James Webb da aka harba a Disamba 2021 yana ɗauko hasken da ya yi fiye da shekara biliyan 13 a hanya. Idan komai bai wuce shekara 6,000 ba, ta yaya wannan haske ya iso?

Mai tambaya zai ce, wa ya je can da igiya ya auna? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ba ta da wuya. Miƙa hannunka, ɗaga babban yatsa, ka rufe ido ɗaya, sannan ka buɗe shi ka rufe ɗayan. Za ka ga yatsan ya yi kamar ya matsa. Idan abu na kusa ne matsawar tana da yawa, idan na nesa ne kaɗan ce. Da irin wannan dabara safiyo ke auna faɗin kogi ba tare da ya tsallaka ba. Masu nazarin taurari suna ɗaukar hoton tauraro a watan Janairu, su sake ɗauka a Yuli lokacin da duniya ta koma ɗaya gefen rana, tazarar kusan kilomita miliyan 300. Friedrich Bessel ne ya fara cin nasarar wannan awo a 1838. Kumbon Gaia da Turai ta harba a 2013 ya yi wa taurari fiye da biliyan ɗaya irin wannan awo, kuma da yawansu sun zarce shekarar haske 6,000 nesa ba kusa ba.

Ga waɗanda suka fi haka nisa akwai wata hanyar. Direban da ya saba tafiyar dare yana iya ƙiyasta nisan motar da ke tahowa daga ƙarfin fitilarta, domin ya san ainihin hasken irin wannan fitila. A 1912 wata mata mai suna Henrietta Leavitt a jami'ar Habad ta nuna cewa akwai wasu taurari masu haskawa su dusashe a kan ƙa'ida, kuma tsawon lokacin da suke ɗauka yana bayyana ainihin ƙarfin haskensu. Da su Edwin Hubble ya tabbatar, tsakanin 1923 da 1925, cewa Andiromeda tana can wajen garkenmu. Abin lura shi ne manyan masu ra'ayin shekara 6,000 ba sa musun wannan nisa. Sun yarda taurarin suna can inda aka ce. Don haka suka shiga neman hanyar da haske zai iso da wuri, kuma sun kawo amsoshi huɗu.

Amsa ta farko ita ce an halicci hasken yana kan hanya, kamar yadda aka halicci Annabi Adamu (AS) babban mutum ba jariri ba. Tana da daɗin ji, har sai an tuna cewa haske labari yake ɗauke da shi. A ranar 24 ga Fabrairu 1987, masu duba sama a ƙasar Cile da Niyu Zilan suka ga wani tauraro ya fashe a wani ƙaramin garke mai nisan kusan shekarar haske 168,000. Rabon da a ga irin wannan da ido tsirara tun 1604. Aka koma tsofaffin hotuna aka ga tauraron yana nan kafin fashewar, bayanta kuma babu shi. Sa'o'i kaɗan kafin hasken ya bayyana, na'urori a ƙarƙashin ƙasa a Japan da Amurka da Tarayyar Sobiyet sun kama wasu ƙananan ƙwayoyi ashirin da 'yan kai da ake kira nutirino, irin waɗanda lissafi ya ce cikin tauraro zai fitar idan ya rufta. Bayan wasu watanni hasken fashewar ya isa wani zoben iska da ke kewaye da wurin ya haska shi, kuma daga jinkirin da girman zoben aka sake auna nisan, ya yi daidai da na farko. Hasken kuma ya riƙa dusashewa daidai da yadda wani nau'in sinadarin kobalt ke raguwa da rabi duk kwana 77 a ɗakunan gwaji na nan duniya.

Idan an halicci hasken a kan hanya shekara 6,000 da suka wuce, to wannan tauraro bai taɓa wanzuwa ba, bai fashe ba, zoben bai haskaka ba. An dai shirya mana hotonsa ne daki-daki, har da ƙwayoyin nutirino, domin mu ga abin da bai faru ba. Kamar a kawo maka wasiƙa da hatimi da kwanan wata da labarin rasuwa, alhali babu mai aikowa kuma babu mamacin. Wane mai imani ne zai jingina wa Mahalicci irin wannan? Wani Bature mai suna Philip Gosse ya kawo makamancin wannan ra'ayi a 1857 game da duwatsu, abokinsa Charles Kingsley, wanda limamin coci ne, ya ƙi karɓa saboda ya ce hakan ya mai da halitta ƙarya. Yau ma marubutan Answers in Genesis da kansu sun ja da baya daga wannan amsa, kuma dalilinsu ke nan.

Amsa ta biyu ita ce haske ya fi haka gudu a da, sannan ya rage. Wani ɗan Ostareliya, Barry Setterfield, ya yaɗa ta daga farkon shekarun 1980, yana dogaro da tsofaffin awo da suka ɗan fi na yanzu. Amma waɗancan awo an yi su ne da kayan aiki marasa inganci, wasu sun haura wasu sun gaza, kuma da kayan suka inganta sai adadin ya tsaya wuri ɗaya. Bambancin da ke tsakaninsu ɗan kaɗan ne, alhali don lissafin 6,000 ya yiwu sai haske ya ninka gudunsa sau miliyoyi. Gudun haske kuma yana ɗaure da yadda rana ke ƙonewa da yadda ƙwayoyin zarra ke riƙe juna, ba a taɓa shi sauran su zauna lafiya. A 1988 wani masani na cibiyar da Henry Morris ya kafa, Gerald Aardsma, ya sake bin lissafin ya ce bai tsaya ba. Na gida ne ya rushe ta.

Amsa ta uku ta fito daga Russell Humphreys a 1994. Ya ce a lokacin halitta duniya tana cikin wani rami mai tsananin nauyi inda lokaci ke tafiyar hawainiya, don haka kwanaki kaɗan a nan sun yi daidai da biliyoyin shekaru a can. Gaskiya ne nauyi yana rage gudun agogo, Einstein ya nuna haka kuma an gwada an gani. Sai dai irin wannan rami da zai bar tabo a launin hasken da ke zuwa mana, kuma ba a ga tabon ba. Sannan a lura da abin da amsar ta amince da shi: biliyoyin shekaru sun shuɗe a kan taurari. An kori tsufa ta ƙofa ya dawo ta taga.

Amsa ta huɗu ita ce ta Jason Lisle a 2010. Ya ce tunda gudun haske ana auna shi ne zuwa da dawowa, muna iya ɗauka cewa idan yana tahowa gare mu nan take yake isowa, idan yana tafiya kuma rabin gudunsa yake yi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin auna gudun hanya ɗaya ya dogara da yadda aka saita agogo biyu. Amma alhajin da ya sauka Jidda ya tura agogonsa gaba da awa biyu bai ƙara wa tafiyar jirginsa tsawo ba, kuma da ya mai da shi baya bai rage ta ba. Saitin agogo ba ya canza abin da ke cikin hoton. Muna ganin garken taurari biyu sun yi karo sun ja wa juna jela mai tsawon dubban ɗaruruwan shekarun haske, aikin da ke cin miliyoyin shekaru. Idan an halicce su a haka, da tabon karon da ba a yi ba, to mun koma kan wasiƙar da ba ta da mai aikowa.

Adalci ya sa mu faɗi abin da suke mayarwa. Suna cewa su ma masana kimiyya suna da tasu matsalar, domin sassan sararin samaniya masu nisa da juna suna da ɗumi iri ɗaya alhali haske bai samu lokacin ratsa tsakaninsu ba. Wannan tambaya ce ta gaske, kuma amsar da Alan Guth ya kawo a 1981 har yau ana kan gwada ta. Haka kuma akwai saɓani kan saurin buɗewar sararin samaniya, wasu awo suna ba da 67 wasu 73. Amma a dubi girman saɓanin. Shekara biliyan 13.8 ta ninka 6,000 fiye da sau miliyan biyu. Kamar direbobi biyu ne suna gardama ko daga Legas zuwa Kano kilomita 1,000 ne ko 1,100, sai wani ya zo ya ce tunda ba ku daidaita ba, to ni na ce kamu ɗaya ne. Ko a ƙasa ma ba sai an je nesa ba: kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya, a inda yanzu take jihar Yobe, awo ya nuna ya kai kusan shekara 8,000.

Tunda da sunan addini ake tallar wannan magana, dole a taɓa wannan ɓangaren. Alƙur'ani bai ba da shekarar da aka yi halitta ba. Ya ambaci kwanaki shida, ya kuma ambaci yini mai tsawon shekara 1,000 da mai tsawon shekara 50,000, bayanin wannan kuwa na malaman tafsiri ne. Gaskiya ne Imam Ɗabari ya kawo ruwayoyi a littafinsa na tarihi masu cewa shekarun duniya 7,000 ne, amma Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya ƙi yanke kowane adadi, yana mai cewa babu ingantaccen dalili a kansa. A ɓangaren Kirista ma, Cocin Katolika da manyan coci-coci da dama ba su riƙe shekara 6,000 ba. Mutumin da ya kawo ra'ayin cewa sararin samaniya yana buɗewa a 1927, ya kuma ce yana da mafari a 1931, Georges Lemaître, fada ne ɗan ƙasar Beljiyam. Tun fiye da shekara 1,600 da suka wuce, Augustine, limamin garin Hippo a Aljeriya ta yau, ya gargaɗi mabiyansa da kada su riƙa faɗar abin da bai inganta ba game da sama da ƙasa da sunan littafi, domin wanda ya san gaskiyar abin zai raina littafin gaba ɗaya.

Wannan gargaɗi shi ne abin da ya fi damunmu. Yaron da aka gaya wa a gida cewa imani da shekara 6,000 abu ɗaya ne, zai shiga aji a sakandare ko jami'a a nuna masa yadda ake awo, ya yi lissafin da hannunsa ya ga ya fita. Daga nan hanya biyu ce ta rage masa. Ko dai ya ce malaman kimiyya duk maƙaryata ne, ya rufe littafi, mu yi asarar likita ko injiniya a al'ummar da ke da ƙarancinsu. Ko kuma ya ce tunda an yi masa ƙarya a wannan, wa ya san sauran, ya fara shakkar abin da iyaye suka ɗora shi a kai. Duka biyun asara ce, kuma babu wanda ya tilasta mana ita, domin ba mu muka ƙirƙiri adadin ba. Rigimar wasu ce muke shirin ɗauka a ka ba gammo.

Haka nan kada wannan bayani ya zama sandar dukan maƙwabta. Muna zaune cikin jama'a mabambanta, muna kasuwa ɗaya, 'ya'yanmu suna aji ɗaya, kuma a cikinmu Hausawa akwai Musulmi akwai Kirista. Wanda ya riƙe wannan ra'ayi yawanci yana yi ne don girmama littafinsa, ba don wauta ba. A yi masa bayani da hujja da mutunci, kamar yadda mu ma muke so a yi mana idan wani namu ya turo labarin da bai tabbata ba.

Shawararmu ga iyaye da malamai da shugabannin zaurukan WhatsApp guda uku ce. Idan irin wannan bidiyo ya shigo, a tambayi mai turowa yadda hasken Andiromeda ya iso cikin shekara 6,000, a saurari amsarsa, a duba ko tana cikin huɗun nan. Idan yaro ya zo da tambaya daga makaranta, kada a tsawata masa, a haɗa shi da malamin addini mai natsuwa da malamin kimiyya mai haƙuri, kowa ya yi magana a fagensa. Sannan a koya wa yara bambanci tsakanin nassi da lissafin da mutane suka ɗora a gefensa, domin Ussher ya yi nasa, an gode masa, ilimi kuma ya wuce wurin.

Duk wanda ke da ƙarin bayani ko gyara, musamman ɗalibanmu masu karatun kimiyya, ƙofa a buɗe take. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya raya mana zuriya, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.